Gorar Baba Mai Rigar Buhu

Matsaro, Haɗeja
Farkon damina

Gwaggo Suwaiba,

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don in na tsaya gaisuwa tsoro zai kama ni in yage takardar. Ina rubuta littafi. Na soyayya ne. Ko ƙanwata Sadiya da muke kwana katifa ɗaya ba ta sani ba, ta ɗauka aikin makaranta nake yi. To, na faɗa.

Yanzu kuma assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana tafiya yadda kike so. Ni ce Bushira, 'yar farin Yayanki Muhammadu. Sau ɗaya kika gan ni da wayona, da kika zo ta'aziyyar Kaka, kika miƙo min hannu na gudu bayan randa. Inna tana lafiya. Baba ma lafiya lau, sai ɗan tarin da yake fama da shi tun bara, ya ce na sanyin fadama ne. An samu ruwa mai kyau, har ya zuba irin shinkafa a gonarsa ta wajen Auyo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jarumin littafina sunansa Abdulfattah, masanin kimiyya ne, dogo, ba ya yawan magana. Rannan na ji Inna tana gaya wa maƙwabciyarmu wai kina can Ibadan kina haɗa wani ruwa mai haske a cikin duhu. Tun daga ranar abin bai bar raina ba. Sai na sa Abdulfattah ya haɗa ruwan da in an ɗiga a tafin hannun mutum, in yana son ka da gaske, wurin zai haskaka. Ummussalma, jarumar littafin, zai ɗiga wa. Amma ban san yadda ɗakin aikinsa ya kamata ya kasance ba. Ɗakin gwajin makarantarmu ba komai a ciki sai kwalabe wayam da wani ƙadangare da ya mai da wurin gidansa. Don Allah ki gaya min, wane launi naki yake yi? Me yake nunawa? Ana sa safar hannu?

Ba ni da waya, ta Inna kuma in ana magana har zaure ake ji. Munzali direba, mai kai busasshen kifi Kudu, ya ce yana bi ta kusa da jami'arku. In takardar ta yi ƙarni ki yi haƙuri.

Kada ki gaya wa Baba. Ba wai ya hana ni ba ne. Bai taɓa hana ni komai ba, tunda bai taɓa yi min magana kai tsaye ba. Kin san kunyar ɗan fari. Ko sunana ba ya kamawa. Ina tsaye a gabansa zai dubi Sadiya ya ce, "Ce wa yayarki ta kawo buta." In ya ji ina rubuta irin wannan abu, ban san inda zan sa kaina ba.

'Yarki,
Bushira

*

Ibadan

'Yata Bushira,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, ke da randarki. Ina lafiya, sai kewar miyar kifin gida. Takardarki ta yi ƙarni kam, har na shinshina ta sau biyu. Asirinki yana wurina, ba mai ji.

Ruwan nawa ba ya gane so. Da yana ganewa, da tuni na bar jami'a na buɗe shago. Abin da yake ganewa ya fi haka ban tsoro.

Iskar da muke shaƙa, oksijin, ita ke ƙona abinci a cikin jiki ta ba mu ƙarfi, kamar wuta a murhu. Kowane murhu kuma yana tartsatsi. Mu a nan muna ce wa wannan tartsatsin radikal. Ɗan mitsitsin yanki ne na oksijin da ba ya iya zama shiru, duk abin da ya taɓa sai ya ɓata shi. Jiki yana da hanyar kashe shi, amma in ya yi yawa sai ya riƙa ƙona naman jiki daga ciki, na mutum ko na shuka. Ga shi ba ya rayuwa ko na ƙiftawar ido, ba a kama shi a duba. Sai dai a ɗana masa tarko.

Tarkon nake haɗawa. Na ɗauki wani rini mai haske, na ɗaure shi da ɗan ƙulli da zai hana shi haskakawa. Irin tartsatsin da nake nema ne kaɗai ya kamata ya tsinke ƙullin. Da ya tsinke, sai rinin ya yi kore shar a ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Wahalar duka tana wajen ƙullin. Na farkon da na haɗa, hasken taga ma tsinke shi yake yi. Na biyu kuma ko me aka yi masa ba ya motsi. Wannan na yanzu, bayan shekaru ina fama, ina jin ya yi. Safar hannu kuwa ana sawa, shuɗiya, tana sa gumi. Ki gaya wa Abdulfattah.

Ni ma ina da roƙo. Shinkafar da ambaliya ta shanye, sau da yawa ba a ƙarƙashin ruwa take lalacewa ba. Sai ruwa ya janye, iska ta buge ta gaba ɗaya, tartsatsin ya tashi a ganyenta. Ina so in gwada rinina a kan irin shinkafarmu ta fadama. Ki samo min dashe kaɗan da saiwarsa, ki wanke lakar tas, ki sa a gora mai tsabta da ɗan ruwa, ki ba Munzali.

Gwaggonki, ko da yake sunan yana tsofar da ni,
Suwaiba

*

Matsaro, Haɗeja

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Baba yana ta feshin ciyawa kafin dashe, yana dawowa a gajiye.

Wallahi takardarki ta firgita ni. Ashe iskar da nake ja tana min tartsatsi a ciki? Washegari a aji na zauna ina rage numfashi, ina ja kaɗan kaɗan, har Malama ta tambaye ni ko ciwon ciki nake. Na ce a'a. Ta yaya zan ce mata tattalin ƙonewa nake yi? Yanzu ko tsatsa na gani a jikin ƙofa sai gabana ya faɗi.

Munzali ya kawo saƙon bakinki cewa dashen farko ya isa lafiya kuma kina son ƙari. Ya kuma kawo nasa saƙon, wai gorar lemon da na sa a ciki ta tsiyaye masa a kujera tun daga Zariya, ya isa Ibadan da jiƙaƙƙen wando kamar yaron goye. Ya rantse in na ƙara ba shi abu mai yoyo a kwalta zai ajiye shi. To wannan karon na samo gora ta gaske, irin ta Baba, mai murfi da ƙarfi, har da rigarta ta buhu. Ko kifa ta aka yi ba ta ɗiga.

Dashen shinkafa jamila ne. Baba ya zo da ɗauri a bayan babur zai kai wa abokinsa, ya jingine a zaure ya tafi masallaci, na zare kaɗan daga tsakiya. Ko a littafi ban taɓa jin bugun zuciya irin na lokacin ba.

Na canza labarin. Yanzu ruwan Abdulfattah yana nuna inda zuciya take ƙonewa, ya fi daɗi ma. Ga babi na huɗu na sa miki a ciki. Akwai wurin da ya riƙe hannunta don ya ɗiga ruwan. Da safar hannu ya riƙe, shuɗiya. Ki gaya min gaskiya in ya yi yawa.

Bushira

*

Matsaro, Haɗeja

Gwaggo Suwaiba,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Kogi ya fara cika, ana cewa bana ma sai an yi hattara.

Munzali ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba ko layi ɗaya. Na tare shi a kasuwar kifi, ni da ban iya tare mutum ba. Ya ce ya gan ki, kin rame, kin ce a gaishe mu kawai kin juya. Na tambaye shi ko fuskarki ta nuna fushi. Ya ce shi direba ne, ba mai duba ba.

Na san dalili. Babin nan ne. Kin karanta wurin riƙe hannun kin ce ashe haka 'yar Yaya Muhammadu ta lalace. Na cire wurin gaba ɗaya. Yanzu a cokali yake zuba ruwan ya miƙa mata, kuma ƙanwarta tana zaune a wurin. In kin ce in daina rubutun ma zan daina. Shirun ne ba na iya ɗauka. A gida na saba da shi, ban zaci zan same shi a wurinki ba.

Bushira

*

Ibadan

Bushira,

Ina lafiya, ki gaida Inna. Ban ma buɗe babinki ba tukuna, ki yafe min, kuma ba ki yi min laifin komai ba.

Gorar da kika aiko, mai rigar buhu. Daga ina take? Me ke cikinta kafin ta zo hannunki? Akwai irinta a gidan? Me ake zubawa? Na so in kira Inna, na tuna kin ce wayarta har zaure ake ji, ga alkawarin da na yi miki. Ki ba Munzali amsa a wannan tafiyar. Kada ki jira ta gaba.

Suwaiba

*

Matsaro, Haɗeja

Gwaggona,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin "ba ki yi min laifin komai ba" har ya zauna min a ka. Kowa yana lafiya.

Na gane kina son irin gorar. Kowa ya gani sai ya so. Ta maganin ciyawa ce, wanda Baba yake feshi da shi, mai ƙona ciyawa a yini ɗaya. In maganin ya ƙare ba a yarwa, ai robarta ta fi duk wadda ake sayarwa a kasuwa kauri. Ni ce mai wankewa. Da toka nake farawa, in bi da sabulu da ruwan zafi, in zuba tsakuwa in girgiza, sannan in kankare takardar jikinta in kife ta a rana. Ko wari ba za ki ji ba. Inna kuma ta ɗinka mata riga da buhun algarara. In aka jiƙa rigar aka rataye ta a inuwa, ruwan ciki sai ka ce daga firiji, ko da rana ta take. Baba ya ce duk fadamar Auyo ba mai ruwan sanyi irin nasa, har abokansa suna zuwa ƙarƙashin bishiyarsa su sha.

Yana da guda biyu, ta ruwa da ta kunu. Inna tana zuba man gyaɗa a wata. Sadiya tana da ƙarama da take tafiya da ita Islamiyya. Rabin layinmu haka suke yi. Wadda na aiko miki sabuwa ce ta feshin bana, tare na wanke ta da sabuwar ta Baba, a baho ɗaya. In kina so in sa Inna ta ɗinka miki mai ado.

Na sake duba takardarki yanzu. Kin danna biro a kan "kada ki jira" har ya huda takardar. Gwaggo, lafiya dai ko?

Bushira

*

Ibadan

'Yata,

Lafiyar jiki ƙalau nake. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Bari in gaya miki abin da ya rufe min baki. Dashenki na biyu ya iso kore shar, lafiyayye. Na ware shi a matsayin wanda ba zan wahalar ba, wanda zan riƙa kwatanta sauran da shi. Na bar shi a ruwan da ya zo da shi, na ajiye shi ƙarƙashin fitilar da ke maye masa gurbin rana. Da na ɗiga rinina, bai kamata in ga komai ba sai duhu. Bushira, ganyen nan ya kama haske daga tushe har tsini. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko a ganyen da na nutsar da gangan.

Na ce shi ke nan, wannan ƙullin ma maƙaryaci ne, yana tsinkewa ba dalili. Na je na gaya wa farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa cewa shekarun nan sun tafi a banza. Na sake haɗa rinin daga farko, na sake gwadawa a ganyen da na adana, ya sake haskawa. A wannan halin Munzali ya gan ni. Dashen kuwa tuni ya bushe ya yi ja kamar an bi shi da wuta, na ɗauka wahalar hanya ce.

Sai wata rana ina share tebur na ɗauki gorar zan yar, na tsaya. Na zuba mata sabon ruwa na bar shi ya kwana, na tsoma lafiyayyen dashe daga na farkon da kika aiko. Shi ma ya haska. Na sa almakashi na farke rigar buhun. A gindin robar, a jikinta aka zana gargaɗin guba, inda kankara ba ta cirewa. Na kai ruwan wa wani abokin aiki mai na'urar tantancewa, ya tabbatar min maganin yana nan. Kaɗan ne, amma yana nan, a maƙale cikin zaren murfi da ƙarzunan da tsakuwa ta yi.

Kin san yadda maganin nan yake kashe ciyawa? Shiga ganye yake yi, in rana ta haska sai ya riƙa juya oksijin zuwa tartsatsin nan da na gaya miki. Shi ba ya ƙarewa, yana yi yana sakewa, har ganyen ya ƙone kansa. Shi ya sa dashen ya iso lafiya, a duhun mota ya zo. A jikin mutum ba ya buƙatar rana. Huhu yake nufa, inda iska ta fi yawa, yana kuma taɓa ƙoda.

Ki ji ni da kyau. Ban ce tarin Yaya daga nan yake ba. Ni ba likita ba ce, kuma rinina ba ya faɗin abin da bai gani ba. Abin da ya gani shi ne gorar ba ta wanku ba, kuma ba hannunki ne ya gaza ba, irinta ba a mai da ita ta abin sha. Wanda ke feshi da hannunsa kuma ya sha ruwa a cikinta, ga tari tun bara, dole likita ya duba shi.

Da takardarki ta iso na kasa jira, na kira. Ban ambaci sunanki ba, na ce labari na ji. Inna ta gane nan take. Shi kuwa, da na sake kira na same shi, ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce Suwaibar da ya goya a kafaɗa ya tsallaka kogi da ita ce yau za ta koya masa shan ruwa. Ya ce ai an wanke, kuma ciyawa daban mutum daban. Sannan ya tambaye ni yaushe zan zo gida, ya kashe.

Yaya ba ya yarda da abin da ya ji, sai wanda ya gani. Ga hotuna biyu, ganyen gonarsa a ruwan kirki, da ganyen gonarsa a ruwan gorar. Ga kuma takarda zuwa gare shi, ban liƙe ta ba. Shi ajami yake karantawa, ni kuma ban iya rubuta shi ba. Sai an karanta masa. Na rubuta gaskiyar yadda ganyen ya zo hannuna, domin abu na farko da zai tambaya ke nan, in ya kama ƙarya ɗaya zai watsar da sauran. Maganar littafinki ba ta ciki. Ke kika zare dashen, ke kika wanke gorar, ke kaɗai za ki ce masa na gani da idona. Na san abin da nake roƙonki. Ba zan tilasta miki ba. In ba za ki iya ba ki gaya min, in nemi izini in taho, amma hakan zai ɗauki lokaci, shi kuma kullum yana sha.

Rinina dai bai yi ƙarya ba. Ban taɓa zaton zan tabbatar da haka in zauna ina kuka ba.

Suwaiba

*

Matsaro, Haɗeja

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ban san me zan ce game da lafiyarmu ba, don yanzu ban san mene ne lafiya ba.

Ranar da kika kira, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Na ga Inna ta ajiye waya ta shiga madafa, ta ɗauko gorar man gyaɗa ta tuntsurar da shi a rami, man da ko cokali ba ta bari ya zube. Ta ƙwace ta Sadiya daga jaka, Sadiya tana ta kuka. Ta kwashe na Baba ta kai bayan gida. Da ya dawo ya nema, ta gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya je ya ɗauko abinsa, ya kakkaɓe rigar, ya ce shekara nawa yana sha bai faɗi ba. Ni a lokacin ban gane komai ba sai da takardarki ta zo.

Na karanta ta a bayan ɗaki. Da na kai wurin tsakuwar sai na tsaya na sake karantawa. Ni na ƙirƙiro sa tsakuwar, Gwaggo. Har alfahari nake yi da ita. Hoton kuma na kasa daina kallonsa. Koren da na yi ta mafarkinsa, na ba Abdulfattah, na ce ya fi taurari, ga shi a hannuna, kuma ganye ne yake ƙonewa. Kyakkyawa ne ƙwarai. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Tun daga ranar, in Baba yana alwala ya yi tari, sai in ga kamar ƙirjinsa yana haske ta cikin riga. Na san kin ce ba ki ce haka ba. Idona ne ba ya jin magana. Akwai wani wuri bakin zaure da yake ɗauraye tankin feshi, ko tsiro ɗaya babu, duk damanar nan. Kullum ta nan nake wucewa makaranta, ban taɓa lura ba sai yanzu.

Na karanta tasa takardar ma, tunda ba ki liƙe ba. Sunana yana ciki. "Bushira ce ta aiko min." Kin san abin da hakan ke nufi? Zan durƙusa gaban mutumin da bai taɓa furta sunan nan ba, in furta shi da bakina, ya ji. Sannan zai tambayi abin da ya haɗa ni da ke tun farko. Ba zai tambaye ni ba ma, Sadiya zai duba ya tambaya. Ni kuma ban iya ƙarya ba, kin gani, ko wurin riƙe hannu ban iya ɓoye miki ba.

Na nemi hanyar gudu iri iri. Na ce in ba Munzali ya karanta masa, sai na tuna Munzali ba ya iya faɗin abu ba tare da ya mai da shi abin dariya ba, Baba kuma dariyar yake nema. Na ce in sa a aljihun rigarsa, sai ya kai wa wani a majalisa ya karanta, sunana ya zaga unguwa. Na ce Inna ta riƙe hotunan ta nuna masa, ta ce ita ta riga ta yi nata, ya ɗauka tsoron mata ne. Ta dube ni, ita ma da ba ta cika kallona ido cikin ido ba, ta ce, "Ke ba ki taɓa roƙonsa komai ba. Bai san yadda zai ce miki a'a ba."

Na ɗauko littafina na ce bari in ga yadda Ummussalma za ta yi. Na rubuta mata jawabi mai kyau, shafi guda, mahaifinta har ya zubar da hawaye. Da na karanta sai na ga ba Baba ba ne wannan. Baba ƙasa zai kalla, ya yi ta gyara hularsa. Wataƙila ya tashi ya fita ban gama ba. Wataƙila daga yau kunyar da ke tsakaninmu ta koma wani abu da ban san sunansa ba. Takardar ta kwana biyu a cikin hijabina har ta yi laushi, shi kuma kowace safiya ni nake cika masa gorar, don aikina ne. Na cika jiya. Na cika shekaranjiya, bayan na sani. Wannan ba zan iya sa shi a kowane littafi ba.

Yanzu safiya ce. Munzali zai tashi da hantsi, Sadiya za ta kai masa wannan. Baba yana zaure yana ɗaure tankin feshi a bayan babur. Ɗazu na ji ya ce wa Sadiya, "Ce wa yayarki ta cika min gora, rana tana yi."

Ban cika ba. Na ɗauki almakashin Inna na farke rigar, gargaɗin yana nan a gindinta, daidai inda kika ce. Ruwansa na zuba a sabuwar gorar da Inna ta saya, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ɗinkin sai an jima. Zan ajiye tsohuwar a gabansa tsirara, in ɗora hotunan a kai, sannan in buɗe takardar. Na ce wa Sadiya ta tsaya a ciki, yau ba a buƙatar ta.

Ya sake kira. Ki yi min addu'a muryata ta fita, Gwaggo. Na tashi.

Bushira